Waɗanda suka ga yaƙin Chadi da idonsu, me kuka gani?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum iyayena. A aji ana koya mana cewa tun Maris 1947, da Shugaba Truman ya nemi majalisar Amurka ta ba Girka da Turkiyya dala miliyan 400, Amurka ta ɗauki hanyar tare kwaminisanci: duk inda aka yi yaƙin basasa, ta zaɓi ɓangare, ta ba shi kuɗi da makamai da abinci. Malaminmu ya ce har Chadi abin ya iso, don ana kallon Gaddafi a matsayin ɗan gaban goshin Tarayyar Sobiyet. Akwai waɗanda suka zauna Injamena ko Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi, tsakanin 1980 da 1987 a nan? Ina son jin na bakinku.

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam 'yata. Ni da kekena a ka na tsallaka kogi a watan Maris 1980, kwana uku da ɓarkewar faɗa tsakanin mutanen shugaban ƙasa Goukouni da na ministan tsaronsa Hissène Habré. Lokacin babu gada, sai kwale-kwale, mai fito kuma ya ninka kuɗi. Kan keken na cire na naɗe a zanen uwargida, ƙafafun na bar su a shago, ban sake ganinsu ba. Wata tara muna Kusiri, da dare mu zauna bakin ruwa muna kallon wuta na tashi a garinmu. A Disamba tankokin Libiya suka shigo taimakon Goukouni, Habré ya gudu, muka ce shi ke nan. Ashe gabas ya koma ta iyakar Sudan, yana karɓar kaya daga Amurka ta hannun Masar da Sudan. Kalmar nan kwaminisanci kuwa, wallahi a rediyo kaɗai nake jinta. A unguwa ana tambayar ka wace ƙabila ce, kai ɗan arewa ne ko ɗan kudu. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ra'ayina kan Rasha.

Tsohon Soja: Ina cikin rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kai ƙarshen 1981, bayan Libiya ta janye. Mu 'yan Najeriya da Senegal da Zayar, kwamandanmu Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Umarninmu mu tsaya tsakani, ba mu shiga faɗa ba. Goukouni yana son mu yi masa yaƙi, mu kuma ba haka aka turo mu ba. Ranar 7 ga Yuni 1982 Habré ya shiga Injamena, Goukouni ya haye Kamaru, mu ma ba mu daɗe ba muka tattara. Abin da na tuna sosai shi ne takalman yaran Habré. Silifa, rawani, amma bindiga sabuwa fil.

Direban Gaundare: Baba Tela ya tuna min. Ni a farin 1984 zuwa 1985 na yi jigilar hatsin agaji. Jirgin ruwa ya sauke a Duwala, jirgin ƙasa ya kawo Gaundare, mu mu ɗauka a tirela zuwa Kusiri, mu yi kwanaki a layi muna jiran jirgin fito. Buhunan akwai hoton hannu biyu suna musabaha, tambarin agajin Amurka. Gaskiya a faɗe ta, dawar nan ta raya mutane. Na ga tsohuwa tana share ƙasan tirelata da tafin hannu tana tara tsabar da ta zube a bakin zanenta. Amma kana tsaye a wurin, jiragen yaƙin Faransa suna wucewa ta samanka zuwa arewa. Sai yaron motata ya ce, maigida, waɗannan ma agaji ne?

Ɗalibar Tarihi: Baba Direba, kuna ganin da gangan aka haɗa abincin da makaman?

Malamin Firamare: Bari in amsa miki, ƙanwata, don ni a cikin gari nake koyarwa lokacin. Ofis daban ke aiko kowanne, amma gwamnati ɗaya suke tallafa wa. A 1983 shugaban Amurka Reagan ya ware wa Habré dala miliyan 25, Faransa ta sauke sojojinta, Mobutu na Zayar ma ya turo nasa. A 1987 'yan Chadi da motocin Toyota suka ci sansanin Libiya na Wadi Dum, aka tarar da tankoki da jiragen ƙirar Sobiyet zube a sahara, mu ma mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Cikin Yunin shekarar Reagan ya karɓi Habré a fadarsa. Abin mamakin, wannan Habré shi ne ya tsare Bafaranshiya Françoise Claustre a 1974, a ƙuruciyarsa kuma ana masa kallon mai ra'ayin juyin juya hali. Da ya zama abokin gaban Gaddafi sai duk aka manta. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe a mulkinsa, a 2016 kuma kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Inna Mai Ƙosai: Malam, ni lissafinku bai dame ni ba. Ƙanena ɗan tireda ne, ya je Kufra a Libiya neman kuɗi shekara biyu ya dawo da rediyo da bargo. Wani ya kai tsegumi wai ɗan Libiya ne. Bayan isha'i mota marar lamba ta zo, yana cin tuwo, suka ce ya zo ya amsa tambaya ɗaya ya dawo. Tuwon na dawar agajin nan ne da Direba yake faɗa. Na rufe masa sauran da faifai.

Tsohon Tela: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Wace unguwa kuke lokacin? Ina jin kamar na san shagon.