Farautar Talabijin da Farautar Dawa: Musayar Waƙar Maharba

Baban Ningi

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Daren jiya jikana ya kunna mini shirye-shiryen farauta na tashar Outdoor Channel ta Amurka a wayarsa. Na kalli uku a jere, barci ya ƙi zuwa. Ga abin da ya fito.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai yin gada, mai yin barewa,
Shi ya shimfiɗa daji don kowa,
Ya halatta mana yin farauta.

Salati ga Annabi mai girma,
Da ya ce a kyautata yankan nama,
A wasa wuƙa kar dabba ta yi fama,
A gaggauta mata ta huta.

Jiya jikana ya miƙo allo,
Ya ce Kaka matso ka yi kallo,
Maharban Amurka da sabon salo,
Na gyara zama don in fahimta.

Mutum na zaune bisa itace,
Barewa na nan ƙasa a kwance,
Ya juya baya ya kama zance
Da kyamara, ya bar kallonta.

Raɗa a fari, raɗa a ƙarshe,
Ba ya ajiye wannan harshe,
Ko da dabbar ya riga ya kashe,
Raɗa yake yi a kan gawarta.

A zamaninmu a ƙasar Burra,
Baki a rufe muke yin jira,
Da yatsa mukan saki 'yar ƙura,
Mu gane iska da alƙiblarta.

Na ɗaura burtu bisa goshina,
Da rarrafe cikin zafin rana,
Ina caccakar ƙasa don in nuna
Ni tsuntsu ne, kar ta tsorata.

Shi da ya harba kiɗa ya tashi,
Dabba tana can tana ta nishi,
Harsashi ya ragargaza ƙashi,
Shi ko tafi yake, ya manta.

To 'yan'uwa ku ba ni amsa,
Na nesa da ku da kuke kusa,
Wannan farauta ce ko wasa?
Ku auna ta ku faɗi sunanta.

Mai Komo na Dakoro

Baba na Ningi, barka da hira,
Abin da ka gani duk gaskiya.

Ni abin da ya fi tsaya mini,
Tallan da ya toshe hanya.

Shirin minti 30 ne duka,
An cika shi da yabon kaya.

Kafin ya gode wa Mai dabba,
Sai ya yabi kamfanin kibiya.

Hula da suna, riga da suna,
Takalmi ma da tambari a baya.

Ga turaren kashe warin jiki,
Wai sai da shi za ka iya.

Kakana ya tsufa a dawa,
Da baka ɗaya da kwari ɗaya.

Dafin kwankwani shi ke dafa shi,
Da hannunsa a 'yar tukunya.

Sanin sawu shi ne jarinsa,
Ba a kasuwa ya je ya saya.

Yakan san gada ta wuce da asuba
Daga raɓar da ta kaɗe kan ƙaya.

Yaro mai kallo sai ya ɗauka
Mai kuɗi ne maharbi a duniya.

Ni da ke kaɗa komo na sani,
Kirari sai bayan an sha wuya.

Su nasu kirarin na kamfani ne,
Jikin maharbi an ba da haya.

Baƙon Teksas

Baba, Yaya Mai Komo, ina gaisuwa. Ni a nan jihar Teksas ta Amurka nake zaune, kuma duk watan Nuwamba in an buɗe farauta nakan bi abokan aikina neman barewa mai farar wutsiya. Wallahi su kansu maharban nan sun fi ku jin haushin shirye-shiryen. Bari in buɗe muku abin da ke bayan labule.

Baba abin da allo ya ɓoye,
Wasu gandun da waya a kewaye,
Ƙafa 8 take a tsaye,
Ba ƙofar fita ga barewa.

Akwai na'ura mai watsa masara,
Da lokacinta take yin ƙara,
Dabba ta saba tana ta jira,
Da jin motsi take tahowa.

Maharbi na zaune a rumfa,
Mai taga, an ɗaga ta kan ƙafa,
Bai bi sawu ba, bai ko yi zufa,
Kuɗi ya biya tun kan zuwa.

Sau da yawa kyamara guda ce,
Sai bayan dabba tana a kwance,
A ce ya koma bisa itace,
Ya sake jan baka don nunawa.

Ka duba sanda yake bin jini,
Yana mamaki wai ya gani,
Alhali a gabansa akwai wani,
Mai hoto da ya riga isowa.

Kafin a kawo wuƙa a feɗe,
Tef ɗin awo ne za a buɗe,
Inci nawa ƙahon in an haɗe,
Shi ne zancen da ke daɗewa.

Kar ku ɗauka kowa ya yarda da haka. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 tun kafin ya zama shugaban ƙasa, ita ke riƙe da kundin awon ƙaho, kuma ba ta shigar da dabbar da aka harba a cikin shingen da ba ta iya tsallakewa. A shekarar 2000 mutanen jihar Montana sun jefa ƙuri'a suka haramta biyan kuɗi don harbin dabbar da aka kiwata a gandu. A 2015 kuma aka gurfanar da masu wani shirin farauta kan harbin da ya saɓa doka a dajin Noatak na Alaska, mai gabatar da shirin ya samu ɗaurin wata 16. Dole sai an kashe wani abu a kowane shiri, wannan dolen ce ke kai su ga haka.

'Yar Maharbi ta Birnin Kudu

Ku ba ni wuri maza in tanka,
Don ni ce ke karɓar nama.

Mahaifina in ya dawo daji,
Tun daga zaure muke jin sallama.

Na kalli shirin nan ya fi a ƙirga,
Ban ga tukunya ba har ya gama.

Su ɗaga kai su kama ƙaho,
Su zauna can baya don ya yi girma.

A goge jini, a tura harshe,
A yi murmushi hoto ya kama.

Ina cinyar? Ina hantar?
Ko kai kaɗai Allah ya yi ma?

A gidanmu cinya ta mai gari ce,
Wuyan na mai karen da ya kama.

Maƙwabta kowa da 'yar tsokarsa,
Mai jego ita ta fi dama.

Saura mu yanyana mu yi banda,
Hayaƙin ƙirya na tashi sama.

Fata a jeme ta zama buzu,
A yi salla a kai, a zauna kuma.

Na ga wanda harbinsa ya kauce,
Ya ce a bar ta sai gobe ma.

Suka tafi masauki suka ci suka sha,
Ita ko ta kwana tana ta fama.

Manzo ya hana mai rai ya zamo
Abin gwada saiti, ko tsuntsu ma.

Autan Maharba na Zariya

Kaka, ina durƙushe gabanka,
Ban zo don in musa zancenka,
Duk aibun nan na gani kamarka,
Sai dai akwai saura a bayanta.

Ƙasar da ke yin shirin nan, Kaka,
Dabbobinta suna ta haɓaka,
Don kuwa harbi yana da doka,
Farauta na da watan hutunta.

Mu fa in rani ya kankama,
Motoci su cika har sama,
Da kare da gora a zagaye fadama,
A bi ciyawa a cinna wuta.

Ba a ƙyale ko da mai ciki,
Ina mariya? Ina kanki?
Ni ban taɓa ganin gwanki,
Sai a littafi na karanta.

Zakin da kuke yi wa kirari,
Sai Kainji ko dajin Yankari,
Can ma kaɗan ne, cikin haɗari,
Abin da ya saura hannunmu fata.

Kuma ba duk shirin ne ya lalace,
Na ga wanda ya yi mako a jigace,
Bai samu kome ba, kuma ya ce
A nuna hakan, kar a yanke ta.

A gafarce ni da ƙarin bayani. Wajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Yau ana zancen miliyan 30. A 1937 suka yi dokar da ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji, harajin da yau yake 11 cikin 100 a kan doguwar bindiga da harsashi. Mutum sai ya yanki lasisi, a faɗa masa watan da zai fita da adadin da zai ɗauka. Tsallensu da ihunsu na ba ni haushi ni ma, amma jikan mai tsallen zai tashi ya tarar da barewa a dajinsu. Ni ɗana me zai tarar?

Mai Komo na Dakoro

Auta ka taɓo inda ke ciwo,
Ka faɗi abin da ke zuciya.

Raƙuman dawa a ƙasarmu Nijar,
Sun kusa ƙarewa gaba ɗaya.

A 1996 an ƙirga 49,
Ba sauran irinsu a duniya.

Aka hana harbi, aka sa tsaro,
Mutanen Kure suka tsaya.

Daga baya suka haura 600,
Suna ratsa gona da hanya.

A 2018 an kai 8 Gadabeji,
Na gan su suna cin ganyen ƙaya.

Da mai kyamara zai ɗauki wannan,
Da na kaɗa masa komo har safiya.

Baƙon Teksas

Gwaggo, kan zancen barin dabba ta kwana, akwai dalili. In harbi ya sauka a tumbi aka bi ta nan take, sai ta miƙe ta yi nisa ta mutu inda ba mai ganinta, shi ya sa ake jinkirtawa. Laifin yana can farko, sanda mutum ya saki harbi daga nesa ko dabba ba ta tsaya daidai ba, don kawai kyamara na aiki. Kan nama kuwa, dokar Alaska ta hana maharbi fitar da ƙaho daga daji sai ya kwashe naman. A nan Teksas akwai shirin da maharba ke ba da nama a raba wa mabuƙata. Talabijin ce ba ta son nuna wannan.

Gwaggo ki kwantar da hankalinki,
Nama yana nan kamar gidanki,
Bara firjina ya cika har baki,
Na raba wa maƙwabta da 'yan'uwa.

Da bisimilla na ja kunama,
Na riske ta da rai na yanka kuma,
Jikina na rawa na dubi sama,
Na yi shiru ina godewa.

Baban Ningi

Auta ɗago kai, ka matso,
Zancenka da ɗaci amma na so,
Tun ba yau ba abin ya taso
A raina, ban dai iya furta.

Wata shekara a bakin rafi,
Na sakar wa mariya kibiyar dafi,
Da feɗewa na ga girman laifi,
Ɗa na motsi a cikinta.

Na tona rami na rufe shi,
Naman nan ban ko ɗanɗana shi,
Har yau ina jin nauyinshi,
Mace in ta gifta sai in bar ta.

Da an ɗauke ni a wannan rana,
Ba tsalle za ku gani wurina,
Hawaye ne ya jiƙa gemuna,
Irin ranar nan ba sa haska ta.

Wutar da ka ce, na gan ta da ido,
Har ni na bi sahu na yi gado,
Zan je wa Sarkin Baka da roƙo,
In rani ya zo a tsawata.

In an gama girbin dawa ka zo,
Da kyamararka, ka yi ƙwazo,
Ko ba mu ga gada ba ko mazo,
Ka ɗauki sawu, ni in karanta.

Burtuna na nan cikin zaure,
Igiyarsa ta tsinke, zan ɗaure,
Mai Komo ya zo mu tafi tare,
Gwaggonku ta zo da tukunyarta.