Neman shawara: sauraron kiɗan kilasika a gida, ga janareta ga ƙarar titi

Mai tambaya, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son sauraron kiɗan kilasika na Turai, irin na su Beethoven da Bach, amma abu biyu sun hana ni jin daɗinsa. Idan kiɗan ya yi ƙasa ba na jin komai, in na ƙaro murya kuma can sai ya tashi da ƙarfi har maƙwabta su ji. Sannan akwai gurnani a lasifika duk lokacin da muke kan inbata. Ɗakin mita 4 ne da 3, ƙasansa tayil. Da waya nake kunnawa ta Bluetooth zuwa amfilifaya ta gwanjo. Me zan gyara, kuma da wanne zan fara?

Mai haɗa sauti a situdiyo, Surulere

Wa alaikumus salam Malam. Matsalarka ta farko ba daga kayanka take ba, haka ake ɗaukar wannan kiɗan. Waƙoƙin zamani ana matse sautinsu ya zama kusan ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, don a ji su a mota ko a kasuwa. Shi kuwa kilasika ana barinsa yadda makaɗa suka kaɗa: goge ɗaya na raɗa, can kuma mutum tamanin su tashi tare.

Ga yadda za ka saita murya. Nemi Boléro na Ravel, kiɗan 1928 ne, kamar minti 15. Da ƙaramar ganga yake farawa a hankali, yana ta hauhawa har ƙarshe. Tsallaka zuwa mintin ƙarshe, ka saita murya inda kunnenka zai ɗauka ba tare da ka yamutsa fuska ba. Koma farko, kada ka sake taɓa maɓallin. In ba ka ji gangar ba, hayaniyar ɗakin ce ta rufe ta, ita za ka rage: kashe fankar sama ko ka mayar da ita lamba ɗaya, rufe tagar da ke kallon janareta, ka zaɓi lokaci irin bayan sallar asuba ko bayan goma na dare. Ranar da unguwa duka ke kan janareta, hedifon mai rufe kunne ruf ya fi kowace lasifika. Kada ka sayi mai buɗaɗɗen baya, duk ƙarar waje yake shigarwa. Ka kuma kashe maɓallin ƙarin bes, yana kumbura manyan goge su danne sauran kayan kiɗa.

Mai gyaran kayan sauti, Alaba

Ɗan uwa, gurnanin nan gwaji uku zai nuna maka tushensa. Cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ka bar na lasifika kawai, ka kunna. In gurnanin ya ɓace, laifin na na'urar Bluetooth ɗin ne ko cajar da ke ba ta wuta. Canja caja, ka raba wayar sauti da wayar wuta kada su kwanta tare. In yana nan a kan inbata amma babu shi a wutar NEPA, inbatarka mai arhar nan ce da ke ba da wuta a gutsure, taransifomar amfilifaya ba ta jure ta, har zafi take yi. Maganinsa inbatar da aka rubuta wa pure sine wave a jiki. In kuwa yana nan a kan kowace wuta, manyan kafasitocin ciki ne suka tsufa, canja su ba wani babban aiki ba ne.

Tunda ta gwanjo ce, duba bayanta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100, dole sai da taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya fi abin da aka rubuta a jikin amfilifayar. Sa sitabilaiza, kuma da an ɗauke wuta ka kashe ta daga soket, don dawowar wuta ce ke ƙona kaya. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa.

Mai haɗa sauti a situdiyo, Surulere

Ƙari kan batun ɗakin. Tayil da bango tsirara suna mayar da amo, sai goge ya riƙa tsini a kunne. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, ka rataya labule. Lasifikan biyu su kasance da tazarar mita 2, kai ma mita 2 daga kowacce, ƙaramin bakin da ke saman kowace lasifika daidai tsayin kunnenka in kana zaune. Janyo su daga bango kamar santimita 40, kada ka cusa su a kusurwa. Duba wayoyi: ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a duka ɓangarorin. In ɗaya ta juya, bes zai rame, kuma ba za ka iya nuna inda mai piyano yake zaune ba.

Malamar kiɗa, Obalende

Ƙanena, kafin komai kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Sinfoni ɗaya yawanci kashi huɗu ne da aka tsara su bi juna, manhaja kuwa tana ɗaukar kowane kashi a matsayin waƙa daban. Kunna kuma saitin da ke hana tsayawa tsakanin kashi da kashi. A Sinfoni na 5 na Beethoven kashi na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba numfashi, in aka yanka wurin an zubar da daɗin.

Tunda ɗakinka da hayaniya, fara da zamanin Bach da Vivaldi, ƙarfin sautinsu ba ya hawa da sauka sosai. Four Seasons na Vivaldi, wanda aka buga a 1725, kiɗa huɗu ne, kowanne kashi uku, kowane kiɗa kuma kamar minti goma. Ɗauki ɗaya ka ji shi sau uku: na farko kawai ka saurara, na biyu ka bi gogen da ke jagora, na uku ka bi masu kaurin murya na ƙasa. Daga nan sai Goldberg Variations na Bach. Mai piyano Glenn Gould ya ɗauke shi sau biyu, a 1955 cikin kusan minti 38, a 1981 kuma kusan minti 51. Jera su za ka gane cewa makaɗi ma yana da ta cewa, ba mai rubuta kiɗan kaɗai ba. A ganina na 1981 ya fi zama a kunnen sabon shiga, ko da yake za ka ji shi yana ɗan rera kiɗan da baki a ƙasa-ƙasa, ba lasifikarka ba ce. Beethoven na 5 kuwa, nemi wanda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Vienna a 1974.

Kada ka manta da na gida. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya rubuta African Suite don ƙungiyar masu goge, a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Ka kuma leƙa cibiyar MUSON a Onikan in suna da wasa. Jin goge ido da ido sau ɗaya zai nuna maka sautin da kake nema a gida.

Mai tambaya, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Batun data fa? An kuma yi mini tayin garmaho daga Amurka da faya-fayai.

Mai gyaran kayan sauti, Alaba

Awa ɗaya a MP3 mafi inganci, wato mai 320, kusan megabait 145 ne, a FLAC kuwa, tsarin da ba ya zubar da komai daga sautin, wajen 300. Muddin ta Bluetooth kake ji, kada ka ɓata data a FLAC, don Bluetooth ɗin ma matse sautin yake yi. Haɗa wayarka da amfilifaya kai tsaye da kebul tukuna. Ka riƙa saukewa da datar dare.

Garmahon kuma ka bincika injinsa. In irin wanda ke bin bugun wuta ne, an yi shi don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu mai 50 ce, faifai zai juya a kashi biyar cikin shida na gudunsa, kiɗan ya yi nauyi ya sauka. Taransifoma ba ta gyara wannan. Faya-fayan ka ɗaga su a haske: farin tabo fumfuna ce ta danshin Legas. A tsaye ake ajiye su, nesa da bango da ƙasa, da 'yan ƙullin silika a cikin akwatin. In amfilifayarka ba ta da mashigar da aka rubuta wa Phono, sai ka sayi ƙaramar na'urar ƙarin ƙarfi ta garmaho, in ba haka ba sautin zai fito siriri, ba bes.