Ɗan kwikwiyo yana ɓata mana tsakar gida, keji zai yi magani?

Mai tambaya, daga yankin Gwaram:
Assalamu alaikum jama'a. An kawo mana ɗan kwikwiyo mai wata 2 don gadin gida da awaki. Sai dai duk inda ya tsaya nan ne makewayinsa, har kusa da madafa da inda mata ke shimfiɗa tabarmar sallah. Wani ya ce a yi masa keji. Wane girma za a yi, kuma yaya ake koya masa wuri ɗaya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Keji yana aiki ne saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa, don haka girman shi ne kan gaba. Ka sa kafinta ya yi maka na katako da ragar waya: tsawo ƙafa 3, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 2 da ɗan ɗoriya. Wannan zai ishi karen gida har ya girma. Amma yanzu ya yi masa yawa, sai a raba shi da falanki, a bar masa iya inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. In ka bar masa fili, zai kwana a kusurwa ɗaya ya yi kashi a ɗayar, aikin banza ke nan. A lanƙwashe bakin wayar kada ta yanke shi, a ɗaga kejin kan bulo saboda damina, a shimfiɗa tsohon buhu.

Kada ka tura shi ciki da ƙarfi ranar farko. Ka riƙa ajiye masa abinci a ciki ƙofa a buɗe kwana 2 ko 3, sannan ka fara rufewa na minti 5, kana ƙarawa sannu a hankali. In yana ciki a cire masa igiyar wuya, tana iya maƙalewa a raga ta shaƙe shi.

Lissafin riƙe fitsari kuwa, kusan awa ɗaya ne ga kowane wata na haihuwa. Naka bai wuce awa 2 zuwa 3 ba. Ka zaɓi lungu guda can bayan gida, nesa da rijiya, ka kai shi da zarar ya tashi barci, da minti 10 zuwa 20 bayan cin abinci, da bayan wasa, da kafin a rufe gida. Da dare ma sai an tashi sau ɗaya ko biyu a makonnin farko. Yana gamawa ka shafa shi ka ba shi ɗan abin ci nan take, ba sai an dawo tsakar gida ba.

Amsa ta biyu:
Bayanin ɗan'uwana ya yi, amma a lura da zafinmu. A bazara kejin da ke ƙarƙashin kwano ko cikin rana yana iya kashe kwikwiyo cikin ɗan lokaci. A ajiye shi gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfar kara, da ruwa a kwanon da ba ya kifewa. A ganina ma da rana gara a kewaye masa ɗan fili da raga, keji ya zama na dare kawai. Karen gadi da ya wuni a kulle yakan tashi da tsoro ko cizon banza, kuma bai saba da awakin da zai tsare ba.

Sannan a ja wa yara kunne: ba duka, ba cusa masa hanci cikin kashi. Ba ya haɗa dukan da abin da ya yi ɗazu, abin da zai koya kawai shi ne ya ɓuya bayan rumbu ya yi. In an gan shi yana shinshina ƙasa yana zagaye, a ɗauke shi a kai shi lungunsa. Inda ya riga ya ɓata a kankare ƙasar saman a zubar, a zuba toka da sabuwar ƙasa, domin wari ne ke mayar da shi wurin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To in an yi duk wannan yana ci gaba da yi a cikin kejin fa?

Amsa ta uku:
Duba kashin tukuna, Malam. In ruwa-ruwa ne, ko cikinsa ya kumbura gashinsa ya yi yaushi, mai yiwuwa tsutsar ciki ce, ba taurin kai ba. Ana ba kwikwiyo maganinta duk mako 2 har ya kai wata 3, daga nan duk wata har wata 6, gwargwadon nauyinsa. Malamin dabbobi zai auna maka, shi ne kuma zai yi masa allurar ciwon haukan kare in ya cika wata 3. A riƙa kwashe kashin kullum ana binnewa, don ƙwan tsutsar yana kama yaran da ke wasa da ƙasa.

In kashin lafiya ne, to mai yiwuwa rashin ba shi abinci a kan lokaci ne. A ba shi sau 3 ko 4 a rana a lokuta tsayayyu, a ɗauke kwanon bayan minti 15, na ƙarshe kafin magariba. Sauran tuwo ba laifi, amma ban da miya mai albasa da ƙashin kaza dafaffe.