Musayar Baituka: An Kai Dokta Ɗakin Yara

Likitan Aboabo:
Salamu alaikum. Wata shida na tiyata sun cika, an mayar da ni wurin yara. Ga abin da ke raina:

Na bar tiyata, ɗakin yara aka kai ni,
Kukan da ke ciki tun a ƙofa ya tare ni.
Babba, a ba shi ƙwaya guda ya haɗiye,
Yaro, kilo da kilo, lissafi ya ɗaure ni.
Jijiyar jariri ta ɓuya cikin hannu,
Uwa tana tsaye, da idanu ta tsare ni.

Ɗan Nima:
Kai Dokta, wa ke kukan, kai ko yara?
Shekara shida a karatu, ka tsorata da allura?
In Kumasi ta gaza, hau mota zuwa Ankara,
Likita sai wanda ya sha wuya a Korle Bu.

Tun 1923 muke da asibitin nan a Ankara, babban birnin Ghana, a yi mana ladabi.

Likitan Aboabo:
Ɗan Nima, cika baki ba ya sa ƙarin ruwa,
Ranar kaciyar ɗanka wa ya fita da gudawa?
Wanzami na aiki, kai kana bayan katanga,
Yau kai ne mai koya wa likita jurewa?

'Yar Sabon Zango:
Allah ya ƙara basira Dokta! Ya gama da shi. Mu ma muna da Gee, wato asibitin Komfo Anokye, kuma a Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995. Ankara ta zauna.

Malam Na Alabar:
Ni ba ruwana da gari. Ɗan Nima, ka ɗauko amsa-amo da "ra" har sau uku, ɗango na huɗu ka sauka a "bu". Baitin ya karye. Kai ma Dokta, "gudawa" zawo ne, gudu kake nufi, ka lanƙwasa shi don ƙafiya.

Ɗan Nima:
Malam, ku bar ni da sikelin aruli,
Waƙata ta baka ce, ba ta zuwa makaranta.
Sunan asibiti ba ya lanƙwasuwa,
Ko kuna so in canza masa suna don ku huta?

Malam Na Alabar:
Makaɗi ma yana da kari, kalangu ke riƙe masa. Ka sa sunan a tsakiyar ɗango, wa ya hana ka? Ƙirga gaɓoɓin ɗangonka na ƙarshe ka gani.

'Yar Sabon Zango:
Malam, na Dokta dai ku ƙyale shi, kowa ya gane. Na Nima ne gurgu.

Hajiyar Asawase:
Kun cika wuri da ra da bu, yaron nan shawara yake nema. Na yi aikin nas har na yi ritaya.

Ɗana, ka gai da nas kafin ka ɗauki kati,
Ita ta san wanda bai sha nono ba tun dare.
Ɗumama hannun yaro, jijiya za ta fito,
In ka soka biyu ba sa'a, kira babba, kar ka daure.
Uwa in ta ce jikinsa ya canza, yarda da ita,
Ko da Twi ta faɗa, tsaya ka saurare.

Horon sabon likita shekara biyu ce duka, fanni huɗu. Ɗakin haihuwa na nan tafe.

Likitan Aboabo:
Hajiya ku yafe jinkiri, kwana na yi a bakin aiki.

An kawo yaro da zazzaɓin sauro yana sanƙarewa,
Kilo 14, ƙasa da 20, ba wurin yin kuskure.
Artesunate, miligiram 3 ga kowane kilo,
Na rubuta 42, nas ta duba, muka tabbatar tare.
Na ɗumama hannun yadda kuka ce, Hajiya,
Jijiya ta fito, na sa allura, na ɗaure.

Allura ta biyu bayan awa 12. Ku sa shi a addu'a.

Malam Na Alabar:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ɗango na biyu ya yi tsawo.

Hajiyar Asawase:
Malam ku dakata tukuna. Ɗana, ka auna sukarinsa? Zazzaɓin nan yana zubar da sukarin yara, ka sa a riƙa dubawa, kar a jira sai ya sake sanƙarewa.