Sanya sunayen ƙauyuka a taswira da QGIS: kowa ya faɗi yadda ta kasance masa

Daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina tattara bayanan rijiyoyin burtsatse, wato foraj, a ƙauyukan da ke tsakanin Garwa da Lagdo. Ɗigogin da ke nuna ƙauyukan duk sun zauna daram a QGIS, manhajar zana taswira, na aza su kan tsarin auna wuri na UTM 33N, babu wanda ya goce. Sunaye ne suka hana ni barci. In na ce a nuna duka, sai su hau kan juna kamar buhunan gero a sito. In na bar manhajar ta zaɓa, sai ta ɓoye kusan rabi ba tare da ta faɗa mini ba. Makon jiya mai gyaran famfo ya karɓi takardar, ya hau babur ya tafi wani Sabongari daban, don biyu ne a yankin, kuma sunan wanda ake nufi bai fito ba. Matan ƙauyen sun ƙara kwana uku suna ɗibar ruwan mayo, wato kogi. Abin ya tsaya mini a rai. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Daga Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni taswirar zagayen rigakafi nake yi, kuma irin wannan ta taɓa sa ma'aikatanmu biyu sun haɗu a ƙauye ɗaya, wani ƙauyen kuma ba wanda ya leƙa. A nan yankin Diamare sunayen da suka fara da Wuro ba su ƙirguwa. Tun ranar ban ƙara sa suna shi kaɗai ba, sai na haɗa da sunan lawanar da ƙauyen ke ƙarƙashinta a layi na biyu: "suna" || '\n' || "lawan". Sannan kafin ka buga, danna maɓallin da ke nuna sunayen da ba su sami wuri ba. Tun siga ta 3.10 yake nan, zai fito maka da su da ja. Duk jan da ka gani, ƙauye ne da za a manta da shi. Waɗanda suka matsu sai ka ja su gefe da hannu, ka sa ɗan siririn layi ya haɗa sunan da ɗigonsa. Akwai kuma ma'aunin fifiko daga 0 zuwa 10. Ƙauyukan da aikin ya shafa ka ware su da sharaɗi ka ba su 10.

Daga Ngaundare:
Hajiya ta gama magana kan cunkoso. Tawa matsalar haruffa ce. Ɗalibi ne ni, na yi wata guda ina rubuta sunaye da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ŋ na Fulatanci yadda ya kamata. Na tura wa abokin aikina fayil ɗin taswira irin na shapefile, wanda a zahiri fayiloli ne da yawa tare, ya buɗe ya tarar da alamar tambaya a duk inda harafi mai ƙugiya yake. Ashe ɗan ƙaramin fayil mai .cpg, wanda ke shaida cewa rubutun UTF-8 ne, tsarin da ke ɗaukar haruffanmu, bai bi sauran ba. Ga shi kuma shapefile ba ya ɗaukar kan ginshiƙi da ya wuce harafi 10, sai ya datse. Na koma GeoPackage, fayil ɗaya ne, ba abin da ke zuba a hanya. Salon rubutu ma a duba: wasu ba su da ƙugiyoyinmu, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafi. Noto Sans da Charis SIL suna da su duka.

Daga Yagwa:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi aikin awon ƙasa tun muna zana suna da alƙalami a kan takarda mai shara-shara, muna kwafa daga taswirorin Faransawa masu ma'aunin 1:200 000. Abin da kuke faɗa na manhaja daidai ne, amma ciwon ya girmi kwamfuta. Bature ya ji suna da kunnensa, ya rubuta da ƙa'idar harshensa: Wuro ya zama Ouro, Jarengol ya zama Djarengol, Garwa ta zama Garoua. Wannan mai sauƙi ne, ana iya mayarwa. Mai wuyar shi ne inda aka tambayi tafinta maimakon mai gari, aka rubuta sunan da Fulani ke kiran wurin, alhali Masa ko Musgum da ke zaune ciki suna da nasu. Na sha tsayawa a bakin kasuwa da taswira a hannu ina kiran sunan da ke rubuce, mutane suna kallon juna, ba wanda ya san shi, alhali a cikin garin nake tsaye. Wani ƙauyen kuma sunan jauronsa, wato mai garin, yake amsawa. Jauro ya rasu, ɗansa ya hau, sannu a hankali sunan ya sauya, takarda tana nan da na kakan.

Saboda haka ni ginshiƙi uku nake so a teburinku: sunan hukuma yadda yake a takardun meri, wato ofishin magajin gari, sunan da mutanen wurin ke faɗa, da wanda ya faɗa muku, jauro ne, lawan ne ko bulama. Kada ku goge ɗaya don ɗaya. Kuma ku sa a maimaita muku sunan sau biyu kafin ku rubuta, in da hali ku naɗi muryar a waya.

Daga Ngaundare:
Baba, Allah ya ƙara girma. To ni a ganina sunan mutanen wurin ya kamata ya hau sama, na hukuma ya bi baya. A OpenStreetMap ma, taswirar intanet da kowa ke iya cikawa, akwai gurbin name:ha na Hausa da name:ff na Fulatanci, mu ne ba ma cikawa.

Daga Marwa:
Ɗana, ka cika su, lada ne. Amma a taswirar da za ta shiga ofis na hukuma nake sawa a sama, don da shi aka rubuta takardar kuɗi da rajistar asibiti. Wadda direba zai riƙe kuwa, na bakin mutanen wurin ne a sama da manyan haruffa. Teburi ɗaya ne, fitarwa biyu.

Daga Njamena:
Mu a Chadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, kowane suna sau biyu yake fita. Lokacin ambaliyar Oktoban 2022 na yi taswirar Waliya, a gunduma ta 9, don masu raba tallafi. Launin ruwa ya rufe kusan komai, baƙin rubutu ya nutse a ciki. Farin zagaye na milimita 1 a bayan haruffa shi ya cece ni. Kogunan Shari da Logon kuma, da yake layin guntu-guntu ne, sai sunan ya riƙa fitowa a kowane guntu, har na kunna haɗe layukan da ke manne. Na Faransanci na bar shi yana bin lanƙwasar kogi da shuɗi, na Larabci kuwa a tsohuwar sigar da ke kwamfutata haruffansa rabuwa suka yi da na lanƙwasa shi, sai na ajiye shi a miƙe kusa da gadar Ngeli.

Daga Garwa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, Baba, da ku duka. Na kunna jan nan daren jiya, ƙauye 17 suka fito. Na jawo su ɗaya bayan ɗaya, na ƙara sunan lawan a ƙarƙashin Sabongarin biyu. Ginshiƙin sunan baki ne har yanzu babu komai a ciki. Mai gyaran famfo zai koma ranar Alhamis, na ce ya goya ni a babur, zan tafi da littafi da waya in zauna da jauro.