Sabuwar Charger mai lantarki: wa ya hau, wa ya ji kukanta?

Baban Sadiq (Detroit):
Assalamu alaikum. Tun da kamfanin motoci na Dodge suka daina ƙera tsohuwar Charger da Challenger a Disambar 2023, suka ɗora sunan a kan motar lantarki, muke ta cacar baki a nan. Amma na lura yawancinmu labari muke ci. Ina so wanda ya taɓa ta da hannunsa, ko ya tsaya kusa da ita aka tayar, ya faɗa mana abin da ya ji. Ban da abin da aka kalla a YouTube.

Bari in fara. A watan Agusta na fita Woodward, taron tsofaffin motocin nan da ake yi ranar Asabar ta uku ga watan, inda titi ke cika tun daga Ferndale har Pontiac. Na kafa kujerata a bakin hanya da kofin shayi a hannu. Wata Charger ta 1969 ta wuce a hankali, ko gudu ba ta yi, amma sai da shayin ya yi rawa a cikin kofi. Ba a jima ba sai ga sabuwar Charger ta lantarkin, wadda suke kira Daytona, ja. Wallahi a ido ta yi kyau: ƙofa biyu, ga faɗi, fuskar nan kamar ta ’yan 1968. Mai ita ya taka, ƙara ta fito da ƙarfinta. Wani dattijon Bature da ke kusa da ni ya kasa kunne, sannan ya juya ya tambayi matarsa wai wa ya kunna rediyo. Na yi dariya har na ƙware. Na duba kofina kuma, shayi yana nan lumui.

Makaniken Bronx:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Dattijon bai yi ƙarya ba, rediyon ne. Ni na shiga ƙarƙashinta, wani kwastomana ya kawo ta canjin taya na ce don Allah ya bar ni in ɗaga ta in leƙa. Inda ka saba ganin salansa, wani akwati ne a bayan mota, daga ƙasa, da lasifika a ciki. Shi suke kira Fratzonic. Kwamfuta ke bin yadda ka taka totur tana ba ka kukan da ya dace. Lokacin da suka fara nuna samfurinta a 2022 sun ce ƙarar na kai decibel 126, daidai da ta Hellcat, wato samfurin tsohuwar mai ƙaton injin fetur.

To amma ƙarfin ƙara daban, asalinta daban. Kukan Hemi, babban injin tsohuwar, fashewar fetur ce a cikin silinda takwas, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jere suke fita ta kowane gefe ba, shi ya sa kake jin wannan gurnanin mai tsalle-tsalle. Yana biyo ƙarfen mota ya shigo kujera ya hau maka gadon baya. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, da kunne nake gane fulogin da ya mutu tun mota ba ta gama shigowa gareji ba. Wannan kuwa kullum lafiyarta ƙalau a kunne, ko me ke damunta.

Abin da ya fi ba ni mamaki nauyi. Ta kusa tan 2.6, saboda batir. Challenger Hellcat da muke wa tsiya muna cewa jirgin ruwa ce, wajen tan 2 take.

Maman Iman (Houston):
Ku yi haƙuri maza, zan ɓata muku hira. Ni na tuƙa ta. Mun je wajen dila da maigida a kan wata motar daban, yaron wajen ya ga yana ta zagaya Scat Pack ɗin, wato Daytona mafi ƙarfi, yana taɓe baki, ya miƙo makulli. Maigida ya ce shi ba zai hau wayar salula ba. Na ce a ba ni.

Da muka hau babban titi na taka sau ɗaya. Innalillahi! Jakata da ke kujerar baya sai da ta kife, kaina ya manne da kujera. Ƙarfin doki 670 ne, kuma duk tayoyi huɗu ke ja, babu wannan jujjuya ɗuwawun da tasa ke yi in ƙasa ta jiƙe. Sun ce tana kai gudun mil 60 a awa cikin daƙiƙa 3.3, ni dai ban ƙirga ba, salati nake yi.

Tasa Challenger ce mai inji 392. Kun san me ake ciki a gidanmu? In zai fita sallar asuba, ni da ke dawowa daga aikin dare a asibiti ina jin tashinta tun daga kwanar layi. Maƙwabciyarmu tsohuwa ta taɓa manna mana takarda a ƙofa, cikin ladabi dai, amma mun gane. Yanzu can ƙarshen layi yake ajiye ta, ya taka da ƙafa cikin duhu da jallabiya. Ita sabuwar akwai inda za ka danna ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, ka sulale kamar mage. Ku kuna ganin wannan abin kunya ne, ni a wurina shi ne ya fi komai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba mu saya ba. Kuɗin ya haura dala dubu 70, ga makarantar yara.

Makaniken Bronx:
Hajiya, a gaida mana Alhaji. A ce masa muna tare da shi a wannan tattakin na asuba, lada biyu ne.

Tsohon Ɗalibi 77 (Kaduna):
Jikana ne ya nuna mini wannan hirar, ya ce sai na sa baki. Sannunku ’ya’yana.

Na je karatu Ohio a 1977. Lokacin waɗannan motocin da kuke kuka a kansu yau ba wanda ke so. Tun da Larabawa suka toshe mai a 1973 farashi ya tashi, gwamnati ta ƙayyade gudu mil 55, inshora ta yi tsada, ga dokokin hayaƙi. Kowa ya koma neman ƙaramar motar Japan. Sai masu ƙwanjin nan suka zama motocin ɗalibai matalauta irinmu. Na sayi Charger ta 1970, inji 383, koriya, daga hannun wani manomi, da kuɗin wanke-wanken da na tara a ɗakin cin abinci na makaranta. Ranar sanyi sai na buɗe bonet na zuba ɗan fetur a kabureta kafin ta yarda ta tashi. Birkinta kuwa sai ka fara taka shi tun daga nesa kana addu’a. Tana shan mai kamar raƙumi ya dawo daga Bilma.

Duk da haka, in na fito da ita daren Juma’a na ɗauki abokaina, ɗaya ɗan Zariya ɗaya ɗan Gana, muka sauke gilashi, ba sarkin da ya kai mu.

Da zan dawo gida a 1982 na sayar da ita a kan kuɗin da bai kai na tikitin jirgi ba. Jikan nan nawa ya nuna mini nawa ake sayar da irinta yanzu, na ce ya kashe wayar kar ya tayar mini da hawan jini.

Ita sabuwar a hoto kawai na gan ta. Abin da na gane nan take shi ne ’yar alamar nan mai kusurwa uku da suka sa mata a gaba. Tsohuwar alamar Dodge ce, tawa ma tana da ita. Na daɗe ina kallonta. Sauran maganar na bar muku.

Baban Sadiq (Detroit):
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Wannan koriyar da tana nan da mun yi karo-karo mun je neman ta.

Ɗan Maraɗi (Greensboro):
Ina kwananku. Ni kamyo nake tuƙi, kuma na riƙe Charger ta 2006 shekara tara. Ku da kuke cewa an ɓata suna yanzu, kun manta abin da aka yi wancan lokacin? Da suka dawo da sunan a 2006 da ƙofa huɗu, masoyan tsohuwar ca suka yi, wai Charger ba ta ƙofa huɗu, wai motar kai yara makaranta ce. Ni kuwa don ƙofa huɗun na saya, yarana uku. A wurin taron motoci akwai wanda ya ƙi bari in ajiye tawa a layinsu. Yau su ɗin ne ke kukan an kashe musu ita.

Wani daɗin da na sha da ita: ’yan sandan ƙasar nan sun rungumi Charger, tawa kuma baƙa ce. In na biyo bayan mutum da dare sai ka ga ya rage gudu ya koma gefe ya ba ni hanya.

Sabuwar na ci karo da ita a wata tashar caji a kan babbar hanyar I-40, na tsaya hutawa. Mai ita saurayi ne, yana zaune ciki yana cin abinci yana jiran batir. Na ce yaya? Ya ce a gari ba abin da ke kama shi, amma in tafiya ta yi nisa sai ya zauna da taswira yana lissafin inda zai tsaya. Ni da ke cin mil ɗari biyar a yini, nan hirar ta ƙare mini.

Alhajin Tokumbo (Kano):
Ku kuna can kuna rigimar ƙara, mu nan ku tambaye mu. Ina shigo da motoci daga gwanjon Amurka, kuma na sauke Charger da Challenger ba ɗaya ba ba biyu ba. Yawanci masu silinda shida ne, 3.6, don su ne kuɗinsu ke shiga. Kun san abin da yaran ke fara yi? Kafin a yi mata lamba an kai ta wajen mai walda an yanke salansa, don ta yi kuka a ɗauka Hemi ce. Wani har tambarin Hellcat ya sa na nemo masa ya manna a gefe. Saboda haka ƙarar bogi ba Dodge suka fara ba, mun riga su.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai silinda takwas ta zama kaya. Akwai wadda ta yi wata bakwai a filina, kowa ya zo sai ya ce a tayar ya ji, ya ɗauki bidiyo, ya tafi ya sayi Corolla.

Ta lantarkin kuwa, wani ya tambaye ni ko zan kawo masa. Na ce Alhaji da me za ka yi caji? Ya ce yana da janareta. Na ce to shi ke nan, ka samu ƙarar injin da ake ta nema, sai dai a tsakar gida za ka riƙa jin ta.

Abba 707 (Atlanta):
Hhhh Alhaji ka gama da mu. Ni ina da Hellcat ta 2019 kuma ba na sayarwa. Amma in faɗi gaskiya, riƙe ta ba wasa ba ne. Tana cikin motocin da ɓarayi suka fi so, har ƙididdigar masu inshora ta nuna haka, kuma a jikina nake ji duk wata. Sitiyari da kwaɗo, na’urar bin sawu biyu, kuma ba na kai ta kasuwa.

Na gwada Daytona ɗin, daga tsaye ta fi tawa fizga, ba musu, tawa sai ta gama ƙona taya tukuna. Abin da na rasa canjin giya. Kana jiran wannan bugun da ke zuwa tsakanin ta biyu da ta uku, shiru, gudu kawai ke ƙaruwa kamar lif.

Kuma kamfanin ya ji kukan mutane. Sun fito da ta fetur a jiki ɗaya, Sixpack, silinda shida a jere da turbo biyu, mai ƙarfin doki 420 da mai 550. Ƙaramar ta lantarkin, R/T, sun janye ta. Ɓangaren Ram ma sun cire Hemi daga a-kori-kurarsu, ba a daɗe ba suka dawo da shi a 2025. Camaro ta Chevrolet ta tafi, a cikin irin waɗannan motocin Mustang ta Ford kaɗai ta rage da silinda takwas, kuma Dodge na gani.

Makaniken Bronx:
Ƙanena, doki 550 daga injin lita uku ba ƙaramin aiki ba ne, injin na shan matsi. Duk wanda ya saya kar ya yi wasa da canjin baƙin mai. Kukanta kuma zai fi kama da na motar Jamus, ku shirya wata sabuwar rigimar.

Maman Iman (Houston):
Na karanta wa maigida duk abin da kuka rubuta. Ya ce a gaida Baba na Kaduna, a kuma tambaye shi tasa mai giyar hannu ce ko otomatik.

Tsohon Ɗalibi 77 (Kaduna):
Otomatik ce ’yata, giya uku. Mai giyar hannun ta fi ƙarfin aljihun mai wanke kwanuka. Ki ce masa ya bar ajiye mota a ƙarshen layi, ya kai wa tsohuwar nan tuwo da miyar kuka su shirya.