Neman shawara: yadda manhaja za ta kai mai saye shago a kasuwannin Kano

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin ƙaramar tawaga da ke gina manhajar saye da sayarwa, kuma ni aka ɗora wa tsara sashen da zai taimaka wa mutum ya gano shagunan da ke kusa da shi a Kano. Abin da na zana shi ne taswira mai buɗewa daga inda mutum yake tsaye, kowane shago ya bayyana a matsayin ɗigo tare da sunansa da taurarin yabo. A gefen manyan tituna tsarin ya yi kyau, amma a Kantin Kwari ɗigogin sun cunkushe wuri guda, har ba a iya taɓa ɗaya ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. Shin in ci gaba da gyaran taswirar, ko akwai abin da ya fi ta dacewa?

Mai shagon atamfa a Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban san harkar kwamfuta ba, amma na san yadda kwastoma yake iso ni. Babu wanda yake shigowa Kwari yana neman sunan shago, domin da yawanmu ko allo ba mu rataya ba. Abin da yake cewa shi ne yana neman shadda ko leshi ko yadin maza, a sari ko ɗai-ɗai. Idan ya kira ni kuwa, sai in gaya masa ƙofar da zai shigo, da sunan gidan da shagona yake, da hawa na nawa, sannan in ce ya duba shago na uku bayan matakala. Don haka ka fara da kaya, ka biyo da kwatance. Ka kuma sani cewa kasuwannin garin nan sun riga sun raba maka aikin, tunda hatsi yana Dawanau, wayoyi suna Farm Centre, kayan masarufi suna Singa, kayan gwari kuma suna Yankaba.

Wata injiniyar manhaja: Maganar Alhaji ta yi daidai da abin da na'urar kanta za ta iya. Wajen nuna inda mutum yake, waya a fili tana iya kuskuren kimanin mita 5, a tsakanin benaye da rumfunan kwano kuwa kuskuren yana ƙaruwa, kuma ba ta da tabbacin ko kana ƙasa ko kana hawa na biyu. Inda faɗin shago bai wuce 'yan mitoci ba, wannan kuskuren ya isa ya kai mutum wani layi daban. Shawarata ita ce ka jera bayanan hawa-hawa, daga kasuwa zuwa layi ko gida, daga nan zuwa bene da lambar shago, taswira kuma ta tsaya a bakin ƙofa. Ka ba mai shago damar ɗaukar hoton gaban shagonsa da naɗar kwatance da muryarsa, domin wanda ba ya son rubutu ya saba da saƙon murya a WhatsApp. Akwatin bincike kuma ya ɗauki k da ƙ, ko d da ɗ, a matsayin abu ɗaya, tunda yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya. Hotuna su zama ƙanana saboda tsadar data.

Wata mai sayar da turaren wuta a gida: Ɗan'uwa, don Allah kada ka manta da mu da muke sana'a a cikin gida. Ina son a same ni, amma ba zan yarda a ɗora ɗigo a kan ƙofar gidan mijina ba. A nuna unguwa kawai, adireshi kuma ni zan bayar bayan mun yi magana.

Injiniyar ta ƙara da cewa: Hajiya tana da gaskiya, kuma doka tana bayanta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta shekarar 2023 ta shafi lambar waya da wurin zaman mutum, saboda haka neman izini a fili ya fi maka aminci.

Wani tsohon ma'aikacin kai saƙo: Ni ban goyi bayan a yar da taswira ba, domin mai neman kemis ko mai faci da dare a unguwar da bai sani ba ita yake buƙata. Taurarin yabon ne nake tsoro, saboda a layin da kowa ya san kowa, 'yan'uwan mai shago za su cika masa biyar, abokan hamayya kuma su zubar da shi. Abin da ya fi amfani shi ne ranar da aka tabbatar shagon yana nan. Ka riƙa tura wa mai shago saƙo duk wata ya amsa da e ko a'a, wanda ya yi shiru kuma a mayar da shi ƙasan jeri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, wa zai shigar da dubban shagunan nan, tunda tawagarmu ba za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba?

Mai shagon atamfa: Ka fara da shugabannin kasuwa da na gidaje, domin idan ba su sa baki ba, za a ɗauka haraji ya kawo ka. Bayan nan ka nemi yaran da suke raka baƙi shago suna karɓar kamasho, ka biya su a kan kowane shagon da suka shigar aka kuma tabbatar. Su ne suka san kowane lungu, kuma idan ka bar su a waje za su ga manhajar ta zo raba su da abincinsu.